Lori ta rasa ƙarfi: yadda ake bin sawun matsin mai daga tanki zuwa nozul

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne, ko daga bakin mai ɗauko riɗi da dawa daga Gadarif, a gabashin Sudan, ya fito, ko daga mai jigilar sukari da fulawa daga Bur Sudan. Mota tana silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, lafiya lau a tasha, tana gudu idan babu kaya, amma da an yi mata lodi ta kama hawan Akaba, tsakanin Sawakin da Sinkat, sai ƙarfinta ya zube. A taka totur har ƙasa ba ta amsawa, wani lokaci ma ta mutu a tsakiyar hawa. Wata matsalarta tashin safe ne, wata kuma ba ta gardama sai ta yi zafi. Direba yana shiga gareji, abin da za a fara gaya masa shi ne "injekta ce". A kwance babban famfo, wato injektar, a kai wa masu saitinsa, a biya kuɗi masu ciwo, a ɗaura, kafin mako ya zagayo cuta ta dawo.

Wannan asara tana ci mini rai, domin sau da yawa ana iya kauce mata. Babban famfo da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, su ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma. Ba ka da hujjar ɗora musu sifana sai ka tabbatar da abu uku: man da ke zuwa musu mai tsabta ne, babu iska a cikinsa, kuma yana isa da yawan da injin yake bukata a lokacin da yake jan kaya. A halin da ake ciki wannan ya ƙara zama dole. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 matatar mai ta Jaili ta durƙushe, kuma da yawan gas ɗin da ke shiga tankunanmu ya bi ta duro da jarka da hannuwa barkatai kafin ya iso. Duro yana tsatsa, jarka tana tara ƙasa, wani mai sayarwar kuma ba ya tsoron Allah.

Fara sanin irin injin da ke gabanka

Hanyar mai a kowace motar gas kashi biyu ce. Kashin farko daga tanki ne zuwa bakin babban famfo: bututun tsotso, filtar ruwa, ƙaramin famfo mai jawo mai, babbar filta, da tiyon da ke mayar da ragowa tanki. Matsin da ke nan kaɗan ne. Kashi na biyu daga babban famfo ne zuwa nozul, nan ne matsi yake da tsanani.

A tsohon tsari, irin na Bedford da tsofaffin Hino da Nissan da har yanzu suke ratsa ƙauyukan Sinnar da Damazin, babban famfon dogo ne, bututun ƙarfe suna fita daga kansa ɗaya-ɗaya zuwa kowane silinda. Ƙaramin famfo yana ba shi mai a kan bar 1 zuwa 2 (bar ma'aunin matsi ne), nozul kuma yana buɗewa a wajejen bar 200 zuwa 250, gwargwadon injin. A sabon tsari, wato kwaman rel, famfo yana tara mai a cikin kakkauran bututu guda, rel, kwamfutar mota ce ke buɗe kowane nozul da wuta. A silo rel yana riƙe da bar 250 zuwa 400, a cikakken lodi ya kai 1,400 zuwa 1,800, sababbin injuna har sun haura 2,000. Tayar lori wajen bar 8 ake hura ta, ka ga ke nan ana maganar ninkinta ɗari biyu. Akwai kuma tsari na uku, na Actros mai injin V6 da Volvo FH da dama, inda ake haɗa babban matsin a kan kowane silinda, babu rel sam. A irin waɗannan ƙaramin matsi kaɗai kake iya aunawa a gareji.

Kada sunan mota ya ruɗe ka. Akwai Howo mai tsohon famfo, akwai mai kwamfuta, haka Shacman, haka Isuzu. Ɗaga kan motar ka leƙa: idan ka ga rel da wayoyi a kan nozul, ka san da wa kake magana. Ka kuma lura da ma'aunin da agogonka ko na'urarka ke nunawa. Bar 1 daidai yake da psi 14.5 ko kPa 100, MPa 1 kuma bar 10 ne. Adadin da na kawo a nan na gama-gari ne. Wanda ke littafin injin shi ne alƙali.

Kafin ka taɓa komai, ɗan'uwa, ka riƙe wannan. Ba a sassauta bututun ƙarfe na kwaman rel injin yana aiki, ba a kuma neman yoyo da tafin hannu. Siririn feshin mai a wannan matsi yana huda fata. Da farko zai yi kamar ɗan tabon allura, ba jini, ba wani zafi, amma man yana kashe nama daga ciki, ana rasa yatsa ko hannu ta haka. Duk wanda hakan ta same shi, asibiti kai tsaye, a gaya wa likita mai ne ya shige shi da matsi, ba a jira gobe. Yoyo da guntun kwali ake nemansa. In ka kashe injin ka ba shi 'yan mintuna matsi ya sauka. Tsumman fetur da wasu ke karawa a bakin iska don tayar da mota, a daina; a injin da ke da hita a hanyar iska wuta yake kamawa, kuma bugun da yake sa injin yi yana karya zoben fistin.

Tambayi mai tuƙa ta

Rabin aikin yana bakin direba da yaron mota. "Malam, ina kuka sha mai na ƙarshe? A gidan mai ko a duro? Yaushe aka canja filta? Tanki nawa ne a ciki lokacin da ta fara?" Amsoshin nan suna nuna hanya.

Motar da ke mutuwa a kan tafiya, a huta minti goma ta tashi kamar ba ita ba, ta sake mutuwa gaba, wani abu ne ke toshe bakin bututun tsotso, ko tanki ne ba ya numfashi. Wadda ke wahalar tashi bayan ta kwana, amma da ta tashi shi ke nan har dare, mai ne ke zurarewa baya cikin dare, iska ta maye gurbinsa. Wadda ba ta yin haka sai tanki ya sauka ƙasa da rabi, a duba bututun tsotso, wataƙila ya tsage daga sama. Wadda ke tashi da sanyi ta ƙi tashi da zafi, a nan ne zargin famfo ko nozul da suka cinye yake da ƙarfi.

Hayaƙi ma shaida ne. Injin da mai bai ishe shi ba yana rasa ƙarfi ne ba tare da baƙin hayaƙi ba. Idan ƙarfi ya ragu kuma salansa tana aman baƙi, iska ce ta yi kaɗan: filtar iska da guguwar habub ta cika da ƙura, tiyon turbo da ya fashe, ko turbon kansa. Duba can tukuna, kada ka ɓata yini a kan mai. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas tare da rawar injin yakan nuna iska a cikin mai, ko ruwa, ko nozul da ke ɗiga.

Tanki da abin da ke cikinsa

Buɗe murfin tanki nan take bayan mota ta mutu, ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska "fuu", mashaƙarsa ta toshe. Taɓon Gadarif na damina yana liƙe ta, zanzaro ma yana gini a bakin ɗan tiyon. Gwada tafiya da murfi a sassauce. In ta warke, ka gama, kuɗin gyaran bai wuce tsinken waya ba.

Sai ka haska fitila ciki. Leda ko tsumman da aka naɗe bakin tanki da shi saboda murfi ya ɓace, hatimin jarka, ganye, duk suna yawo a cikin mai. Famfo ya ja, su manne a bakin bututu, injin ya mutu, tsotso ya saki, su koma yawo. Shi ya sa hutun minti goma yake zama kamar magani.

Daga nan ka ɗebi mai daga can ƙasan tanki, ta kusar zubarwa ko da dogon tiyo, ka zuba a kwalba mai haske, ka ajiye rabin awa. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa da layinsa a fili. Man da ya yi hazo-hazo ya ƙi washewa, ruwa ya gauraya da shi. Jan gari tsatsa ne. Baƙar yauƙi mai wari ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a tsakanin ruwa da mai, kuma muddin ba a wanke tanki ba za su ci gaba da toshe kowace sabuwar filta. Masu zirga-zirgar gaɓar teku su fi kula, domin raɓar Bur Sudan da Sawakin tana taruwa a jikin tankin da ya kwana rabi. Shinshina kuma: warin fetur ko kananzir alamar haɗi ne. Lita ɗaya ta gas tana da nauyin kilo 0.82 zuwa 0.85, wato jarka mai lita 20 ta ba da kilo 16.4 zuwa 17 ban da nauyin jarkar. Man da aka sirka da fetur ko kananzir ba shi da santsin da famfo da nozul ke dogaro da shi, domin man da suke turawa shi ne kuma yake shafe su.

Filta, da abin da tsohuwar za ta faɗa maka

Zubar da ruwan kwalbar filtar farko, ka canja filtocin duka biyu. Amma kada ka jefar da tsohuwar. Yanka ta, ka baza takardar a rana. Abin da ke jikinta shi ne tarihin tankin: ƙasa, tsatsa, yauƙi. In ka ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, dakata, za mu zo kansa.

Abu biyu ake yi a garejinmu da nake roƙon a bari. Na farko, wanke filtar takarda da fetur a busa mata iska a mayar. Takardar tana yagewa inda ido ba ya gani. Filtar kwaman rel tana tare datti mai girman maikiron 2 zuwa 5, gashin kai kuwa ya kai wajen 70, to wane ido ne zai ga hudar da ta isa ta kashe nozul? Na biyu, cika sabuwar filta da man jarka ta ramin tsakiya kafin a ɗaura. Ramin tsakiya ɓangaren da aka riga aka tace ne, abin da ka zuba nan famfo zai tafi kai tsaye. Ɗaura ta a bushe, ka cika ta da famfon hannu. Filtar jabu mai arha ita ma tana cikin masu kashe injin, kuma na san asali tana wuyar samu yanzu, amma kuɗinta bai kai na nozul ɗaya ba.

A tsohon tsari akwai wata 'yar raga da ake mantawa da ita, a cikin kusar da ke ɗaure bututu a bakin ƙaramin famfo, ko a cikin 'yar kwalbar da ke ƙarƙashinsa. Sau da yawa ita ce ta toshe ana ta canja manyan filtoci.

Neman iska

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin yoyon ɓangaren tsotso ba ya ɗiga. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo jan mai ake yi, ba turawa ba, saboda haka huda a nan iska take shigarwa, ba ta fitar da mai. Kamar tsinken shan lemo ne da ya tsage a gefe: kana zuƙa, kumfa kake samu, amma ko ɗigo bai zuba a rigarka ba. Kana iya duba ƙarƙashin mota ka gan ta a bushe ƙamas, alhali a nan cutar take.

Sami guntun tiyo mai haske, kamar taku ɗaya, ka saka shi a bakin shiga ƙaramin famfo, ka lanƙwasa shi sama kaɗan don kumfa ta taru inda za ka gani. Fitar da iskar da ta shiga wajen aikin, ka tayar da injin, ka bar shi minti biyu, sannan ka ɗaga totur. Ya kamata mai ya riƙa wucewa garau. Jerin kumfa da ba ya yankewa iska ce. Sai ka riƙa matsar da tiyon baya, gaɓa-gaɓa: bayan filtar ruwa, gabanta, bakin tanki. Inda kumfa ta ɓace, tsakanin nan da wurin da ka baro ne hudar take. Wuraren da aka fi kamawa: robar kwalbar filtar ruwa, famfon hannu da robarsa ta bushe, washar tagulla da aka maimaita sau da yawa, tiyon da ya goga da shasi, da kan bututun tsotso a saman tanki. Idan ka kashe injin ka ga mai yana ja da baya a cikin tiyon a hankali, ka gano dalilin wahalar tashin safe.

In kana kan hanya, tsakanin Haya da Kasala misali, babu kayan aiki, ga gwajin da ya fi kowane sauƙi. Jarka mai tsabta da man da ka yarda da shi, tiyo ɗaya daga jarka zuwa bakin filta, tiyon komawa shi ma cikin jarkar, don in ka bar shi yana zuba a tanki cikin 'yan mintuna za ta ƙare. Ɗaure jarkar da kyau nesa da salansa. Idan mota ta dawo hayyacinta, matsala tana tsakanin tanki da wurin da ka haɗa. Idan ba ta canja ba, ka wanke tanki da bututunsa daga zargi.

Sa agogo

Hasashe ya ƙare a nan. Kana bukatar agogon matsi mai kai wa bar 10 da agogon tsotso. Haɗa na matsi a inda mai ke fita daga babbar filta, na tsotso kuma a bakin shiga ƙaramin famfo. Karanta a silo, karanta a babban totur, sannan ka ɗaure agogon a wajen gilashi inda yaron mota zai gani, ku fita da kaya ku nemi hawa. Filtar da ta toshe rabi tana ba da adadi mai kyau a tsaye, domin injin da ke silo ɗan mai kaɗan yake sha. Sai a hawa allura take faɗuwa.

Ga yadda ake karanta su tare. Matsi ya faɗi, tsotso ya hau ya wuce wajen bar 0.3: toshewa ce a baya, famfo yana ja bai samu ba. Matsi ya faɗi, tsotso kuma kaɗan ne: famfon ne ya gaji, ko iska, ko bawul ɗin komawa, mai sakin ragowar mai zuwa tanki, yana sakin mai da wuri. Matsi mai kyau kafin filta, mai rauni a bayanta: filta ce. Matsi ya wuce ƙa'ida ko'ina: hanyar komawa ce ta toshe ko tiyonta ya lanƙwashe. Allura mai rawa kuma yawanci iska ce.

A tsohon tsari, don raba gardama tsakanin ƙaramin famfo da bawul ɗin komawa, matse tiyon komawa na roba na daƙiƙa biyu ko uku kana kallon agogo. In allura ta yi tsalle sama, famfo lafiyarsa ƙalau, sifirin ɗin bawul ne ya saki, kuma ɗan ƙaramin abu ne mai arha. In ba ta motsa ba, famfon ne: buɗe shi ka duba 'yan bawulolinsa biyu da sifirin. Kada ka yi wannan matsewar a kwaman rel, famfonsa mai haƙora ne, yana iya fasa filta ko roba.

Sai duk wannan ya fita lafiya ne za ka waiwayi sama. A tsohon injin, duba abin kashe mota, ko na waya ne ko na wuta, ka tabbata yana buɗewa har ƙarshe, haka ma wayar totur tana kai hannun famfo maƙura. Sannan a cire nozul a kai su injin gwaji, a ga matsin da suke buɗewa, da kyan feshinsu, da ko suna ɗiga. Babban famfo shi ne na ƙarshen fita. Wasu ustoci, wato manyan makanikai, suna zuba ruwan sanyi a kan famfon da ya yi zafi, in mota ta tashi su ce ya cinye. Gwajin yana faɗar gaskiya, amma sanyaya ƙarfe mai zafi farat ɗaya yana iya sa abin da ke cikinsa ya kame, ni ba na ba da shawararsa.

Kwaman rel: abin da kwamfuta ke nema da abin da ta samu

A nan sai da na'urar bincike. Karanta lambobin kuskure ka rubuta su kafin ka goge. P0087 matsin rel ya yi ƙasa, P0088 ya yi sama, P0093 babban yoyo, P0191 zuwa P0193 sensar da ke auna matsin rel ko wayarta. Manyan motoci da yawa da wani salon suke magana: SPN 157 matsin rel, SPN 94 ƙaramin matsi, SPN 97 ruwa a cikin mai. Lambar FMI da ke biye tana faɗin irin laifin. 3 da 4 na waya ne, wuta ta yi yawa ko ta yi kaɗan, 1 da 18 kuma adadin ne ya sauka da gaske. Lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne kawai. P0087 ba ta ce famfo ya mutu ba, leda a tanki ma tana kawo ta.

Buɗe adadi biyu gefe da gefe: matsin da kwamfuta ke nema da wanda ke cikin rel. A lafiyayyen injin suna tafiya tare, ko an taka ko an saki. Idan na rel yana biye a silo amma ya kasa kamo ɗan'uwansa a hawa, har kwamfuta ta rage ƙarfi ta kunna fitila, to ko mai ba ya isa famfo, ko famfo ba ya iya turawa, ko wani wuri yana zubar da abin da aka tura. Na farko ka riga ka kawar da shi da agogo.

Idan mota ta ƙi tashi, kalli matsin rel lokacin kik. Yawancin injuna ba sa buɗe nozul sai ya kai wajen bar 200 zuwa 300. Kalli juyin injin ma: in bai kai kamar 150 zuwa 200 a minti ba, batir ko kik ne, famfon da ke juyawa a hankali ba ya tara matsi. Kada ka wuce daƙiƙa 15 kana kik, ka bar shi ya huce tsakani.

Tabbatar sensa ba ƙarya take yi ba. Wayoyinta uku ne: volt 5, ƙasa, da sigina. Makulli a buɗe, injin a kashe, rel babu matsi, sigina ya kamata ya nuna kusan volt 0.5, na'ura kuma ta nuna kusan sifili. In tana nuna ɗaruruwan bar injin yana kashe, sensa ce ko soket. Girgiza wayoyin kana kallo, domin hanyoyinmu suna sassauta soket, zafi kuma yana busar da rigar waya.

Daga nan sai masu zubar da matsi. Na farko bawul ɗin kariya da ke ƙarshen rel. Aikinsa ya buɗe idan matsi ya wuce iyaka, amma in ya buɗe sau da yawa bakinsa yana cinyewa ya riƙa yoyo kullum. Cire tiyon komawarsa, ka toshe ɓangaren da ka cire, ka sa wani tiyo daga bawul zuwa kwalba. A silo da lokacin kik bai kamata ko ɗigo ya fito ba.

Na biyu nozul. Kowane nozul na kwaman rel yana mayar da ɗan mai baya, haka aka yi shi. Wanda ya cinye yana mayar da mai yawa, kuma guda ɗaya tak ya isa ya hana rel cika har mota ta ƙi tashi. A injin da tiyon komawar nozul yake a waje, kamar ƙananan motoci da yawa, sa wa kowanne tiyo da kwalba iri ɗaya, ka bar injin ya yi silo minti biyu ko uku, ko ka yi kik in ba ya tashi. Kwatanta kwalaben. Wanda ya ninka 'yan'uwansa shi ne mai laifi. A manyan injuna komawar takan bi ta cikin kan silinda ta fito wuri guda. A nan sai ka auna jimillar, sannan ka riƙa cire bututun nozul ɗaya-ɗaya kana rufe bakin rel da murfin ƙarfe da aka ƙera don wannan aiki. Wanda ka rufe matsi ya dawo, ka kama shi. Kada a yi dabarar toshewa da ƙwallon boris ko dunƙulen walda, matsin nan yana harba su. Ja sandar man injin ma: in ya ƙaru yana warin gas, mai yana zurara ciki ta robar nozul ko ta famfo.

Wannan gwajin a yi shi da zafi in ƙorafin na zafi ne. Gas yana tsinkewa idan ya ɗumama, ya fi saurin sulalewa ta wuraren da suka cinye, shi ya sa nozul da ya ci gwaji da safe yake faɗuwa da azahar a watan Mayu. Man da ke dawowa daga injin da zafinsa yake komawa tanki, in tanki ya kusa ƙarewa babu abin da zai sanyaya shi. Direba ya saba da riƙe tanki sama da kwata.

Na uku bawul ɗin awo da ke jikin babban famfo, wanda a famfon Denso ake kira SCV. Shi ke ƙayyade yawan man da ke shiga famfo. Idan ya fara kamewa, matsin rel yana hawa da sauka a silo, injin yana lilo, wani lokaci P0087 da P0088 su fito tare. Wanke wurin tas kafin ka cire shi, ka duba ragarsa da ramin da ya fito a cikin haske.

In ka ga garin ƙarfe mai ƙyalli a nan, ko a filtar da ka yanka, labari ya canja. Famfo yana cin kansa, kuma garin ya riga ya bi rel, ya shiga nozul, ya koma tanki ta hanyar komawa. Canja famfo kaɗai zubar da kuɗi ne, sabon zai sha garin tsohon. Dole a sauke tanki a wanke, a wanke ko a canja bututai da rel, a kai nozul duka gwaji, a sa sababbin filtoci. Gaya wa mai mota gaskiyar kuɗin tun farko, ya fi a yi masa rabin aiki sau biyu. Sababbin nozul kuma yawancinsu suna zuwa da lamba a kansu da ake shigar wa kwamfuta, kowanne a silindarsa. In ba a shigar ba injin yana iya yin ƙara ko rawa ko da komai sabo ne.

Bayan gyara

Goge lambobin kuskure, ka bar agogo da na'ura a haɗe, a yi wa mota lodi na gaske a hau da ita inda ta saba gazawa. Ƙaramin matsi ya tsaya a kan ƙa'ida, na rel ya bi abin da ake nema har ƙarshen hawa. Rubuta adadin da ka gani a littafin mota tare da kilomita, don wanda zai duba ta nan gaba ya sami abin kwatantawa.

In datti ko ruwa ne sanadi, a sake canja filta bayan tafiya ɗaya ko biyu, yaron mota kuma ya riƙa zubar da ruwan kwalba kowace safiya kafin a tayar. Wanda ba shi da makawa sai man duro, ya bar duron ya kwana a tsaye ba a motsa shi ba, ya ja daga sama, ya bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa, ya zuba ta mazurari mai raga. Duron da ke ajiye a fili a kwantar da shi ko a karkata shi, domin ruwan sama da ya taru a kansa yana shiga ta bakin murfi idan duron ya huce da dare.